Baitocin da Inna ba ta ida ba

Ba da son raina na karanta Hausa ba. Aikin jinya nake so tun ina sakandare. Sau biyu ina zana jarrabawar shiga, sau biyu makina yana gazawa, har ƙawayen da muka gama tare suka yi nisa, wasu ma aka kai su ɗakunansu. Ana cikin haka kawuna ya zo da fom ɗin kwalejin ilimi, ya ce in cika, zaman gidan ya isa haka. Na cika ina neman kimiyya ko Turanci. Da sunaye suka fito, sai na tarar da nawa a sashen Hausa.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure na gaya masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Ya rage muryar rediyonsa ya dube ni, ya ce, "Uwata, Hausa fa kinka ce? Ita wagga da muke yi yanzu ni da ke?" Na ce ita. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce Allah ya sa albarka. A makon nan ya fitar da buhun gero biyu daga rumbu aka kai kasuwa, aka biya kuɗin rajista. Bai sake tayar da maganar ba, amma tambayar tasa ta bi ni har makaranta. Idan aka tambaye ni a gidan biki me nake karantawa, sai in ce ina kwalejin ilimi, in yi maza in kawo wata hira.

Shekarar farko da hadda na ci ta. Ajinmu ya cika maƙil, wanda ya makara a taga yake tsayawa. Littattafan da ake nazari kuwa ɗaya ne ko biyu a ɗakin karatu, wani ma shafukan tsakiyarsa sun zube. Saboda haka kowa ya dogara da takardun da ake sayarwa a shagon hoto. Na haddace cewa adabi kashi biyu ne, na gargajiya da na zamani, kowanne da zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Na haddace cewa a 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Hukumar Fassara ta Zariya, kuma daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Na haddace cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Idan aka tashe ni daga barci zan zubo su a jere.

Abin da har yau yake damuna shi ne na amsa tambaya a kan Shaihu Umar a jarrabawa, na kawo jigo da warwarar jigo da taurari, na ci maki mai kyau, alhali ban taɓa buɗe littafin ba. Sai a hutu wata maƙwabciyarmu ta ara mini tsohon kwafinta. Na karanta shi a dare ɗaya da fitilar waya. Da na zo inda mahaifiyar Umar ta bar gida tana neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bauta, aka ƙetara da ita hamada, ta gan shi bayan shekaru sannan ba ta daɗe ba ta cika, sai na rufe littafin na yi kuka mai yawa. A takardar da na haddace, matar nan layi ɗaya ce rak, an sa ta cikin ƙananan taurari. Ranar na fara zargin cewa akwai abin da nake wucewa ta gefensa ban gani ba.

A aji biyu muka shiga aruli, wato ilimin awon waƙa, darasin da ɗalibai suka fi tsoro. Malamin da ya ɗauke mu dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya sayar da takarda. Ranar farko bai kawo ma'anar komai ba. Ya rubuta kalmar gaskiya a allo, ya raba ta uku, ya sa mu faɗa yana buga tebur da bayan yatsunsa: gas, ki, ya. Doguwa, gajeriya, doguwa. Ya ce wannan ita ce ƙafar da Larabawa suke kira fa'ilun. Ya rubuta Musulmi, muka faɗa: gajeriya, doguwa, doguwa. Ya ce ga fa'ulun nan. Idan ka jera ta farko a ɗango, wato layin waƙa, ka sami karin da ake kira Mutadarik, idan ka jera ta biyu ka sami Mutaƙarib. Ya gaya mana cewa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, shi ya tsara ilimin nan a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara ɗaya suka zama 16, kuma malaman ƙasar Hausa sun ɗauko awon sun ɗora wa harshensu, ya zauna daram saboda Hausa ma tana bambanta doguwar gaɓa da gajeriya. Aji guda muka riƙa buga benci kamar 'yan makarantar allo. Da zihafi da illa suka shigo, wato sauye-sauyen da kan sami ƙafafun nan, kai ya ɗauki zafi, da yawa suka sare. Ni kuwa abin ya kama ni. Ina tafiya ina yanka sunayen shaguna, ina wanki ina yanka maganar mutane. Da za a tafi hutun Babbar Salla, Malam ya ce kowa ya dawo da baiti biyar da ya yanka da kansa, daga kowace waƙa ya ga dama.

Garinmu ƙauye ne a gabas da Sakkwato. Kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta haura tamanin a lokacin, idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta kaɗi ba. Kullum da hantsi za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ajiye 'yar tasar da mazari yake juyawa a ciki, ta shafa alli a yatsu, ta ja zare daga audugar da ta shiɓe. Tana kaɗi tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Tun ina goye nake jin wannan rerawa. Ban taɓa sauraron kalmominta ba, kamar yadda mutum ba ya sauraron kukan kurciyar gidansu.

Kwana biyu bayan Salla ina tsugune kusa da ita ina wanke kwanuka, hankalina yana kan aikin Malam, yatsana yana buga gindin kwano. Can sai na ji bugun nawa da muryar Inna suna sauka wuri ɗaya. Na tsaya. Na sake bugawa a hankali ina bin ta. Ɗango ya ƙare daidai inda ya kamata ya ƙare, na biyu ma haka, kuma ƙarshen kowane baiti yana faɗawa a kan harafi guda. Ga kari, ga amsa-amo. Tsigar jikina ta tashi. Na bar kwanukan da kumfa a hannuna na matso.

Ta ce, "Kishiya, mi kike bugu haka kamar mai kiran kaji?" Haka take kirana, wasan kaka da jika. Na ce, "Inna, wace waƙa ce wannan?" Ta tsayar da mazari ta juyo da fuskarta wajena, ta ce, "Ba waƙa ba ce. Karatu ne. Karatun taru ne, wurin gwaggona na ɗauke shi."

Ranar ta ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba. Gwaggonta jaji ce, wato jagorar matan ƙauye masu zuwa ɗaukar karatu. Tana da malfa da jan rawani da aka naɗa mata. Idan kaka ta yi, sai ta tara tsofaffin mata da 'yan matan da ba a yi wa aure ba, domin matan aure suna gida da hidimar miji da 'ya'ya, su ɗauki ƙoren gero da zare da man shanu na sadaka, su taka da ƙafa har birni. Su ziyarci Hubbare, su zauna gaban Modibbo, malama mace, ta biya musu su maimaita har ya zauna. Su dawo gida su biya wa waɗanda ba su je ba. Inna ta bi tafiyar nan sau uku kafin a yi mata aure. Ta ce, "Abin da munka ɗauko ke nan, shi na riƙe. Alwalata da sallata duk a ciki na koye su."

Na ce ta biya mini wanda take yi ɗazu. Ta gyara zama ta fara, wannan karon da murya sosai. Ina jin sunayen wurare suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: Ɗegel, Gudu, Tabkin Kwatto, Alwasa, Alƙalawa. Su ne sunayen da na haddace a darasin tarihi, hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804 har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ni na haddace su don jarrabawa na manta rabi. Ita ta riƙe su shekara saba'in a jere, ba ta sauya wa ko ɗaya wuri ba.

Matar nan ba ta san boko ba. Duk takardar hukuma da ta zo, dangwale take yi, kuma ni ce nake kama babban yatsanta in danna a tawada. Ina aji biyar na sakandare an taɓa sa mu rubuta insha'i a kan jahilci, na rubuta da hannuna cewa tsofaffin gidanmu ba su yi karatu ba. Ina zaune a gabanta a kan tabarmar nan, wannan jimla ta dawo mini, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Ban gaya mata ba. Na ɗauko biro da littafi na ce ta maimaita a hankali.

Da muka koma na kai wa Malam baitoci bakwai a maimakon biyar. Ya karanta a tsaye a bakin ofishinsa, ya cire tabarau, ya ce, "'Yata, wa ya ba ki wannan?" Na ce kakata. Ya ce in shigo in zauna. Ya yi mini bayanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta kafa tsarin 'yan taru don karatu ya isa ga matan karkara. Ni da na tashi a ƙasar Sakkwato, iyakar sanina da ita sunan makarantun 'yan mata. Ya sauko da wani ƙaton littafi daga kanta, wanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a ciki a 1997, ya ce in riƙa zuwa ina dubawa a nan, ba ya fita da shi. Sannan ya ja mini kunne. Ya ce kada in yi gaggawar cewa duk abin da 'yar taru ta rera na Nana ne. Ɗan'uwanta Isa ya mayar da wasu waƙoƙinta Hausa, wasu malamai sun yi nasu a bayanta, kuma baki yakan sauya kalma a tsawon shekaru. Aikina shi ne in rubuta abin da na ji yadda na ji shi, in gwada da abin da aka buga, in faɗi inda suka dace da inda suka saɓa.

Wannan magana ta buɗe mini wata matsala da takardunmu ba su taɓo ba. An koya mana cewa waƙa iri biyu ce. Akwai ta baka, irin ta Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, mai kiɗa da 'yan amshi, akwai kuma rubutacciya, irin ta Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, mai kari da amsa-amo. An ja layi a tsakani, mun haddace bambance-bambancen. To ina zan sa karatun Inna? Da alƙalami aka fara shi, a ajami, bisa awon aruli. Amma ya zo mini ta bakin mace bayan mace, babu takarda ko ɗaya a hannunsu. Ita kanta mai shi ta ƙi a kira shi waƙa. Na kai wa Malam wannan tambaya ina tsammanin zai ba ni amsa in rubuta. Sai ya ce in tuna Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta, almajirai kuma suka yi ta yawo da ita a baki, amma a rubutattu muke lissafa ta. Ya ce, "Layin nan mu muka ja shi don sauƙin koyarwa. Ki je ki yi kundinki a kan wannan."

A ganina da haka ya kamata a fara mana tun zangon farko. Kafin a ba ɗalibi rabe-raben adabi ya haddace, a tura shi gida ya zauna gaban tsohuwar gidansu ko makaɗin garinsu ya dawo da abin da ya ji. Mu fiye da ɗari ne a ajin nan, daga Zamfara da Kabi da Sakkwato, har da 'yan ƙetaren iyaka daga wajen Ƙonni. Kowannenmu ya baro wani a gida da ciki cike da waƙoƙin daka da na niƙa da tatsuniya da kirari, muka zo muna layi a shagon hoto muna sayen shafi goma.

Hutun da ya biyo baya na koma da niyyar ɗaukar muryarta a waya. Da farko ta ƙi. Ta ce karatu ba abin wasa ba ne da za a zuba shi inda ake zuba kiɗa. Sai da Baba ya sa baki, ya ce mata don kada ya ɓace ne, sannan ta yarda bisa sharaɗi: sai ta yi alwala, kuma in kife wayar a ƙarƙashin gefen tabarma kada ta gan ta. Haka muka yi ta yi. Wata rana ta ba ni baiti ashirin a zama ɗaya, wata rana biyar ta ce ta gaji. Idan kalma ta ɓace mata sai ta koma farkon baitin ta taho da gudu, kamar mai tsallake rafi, sai ka ji kalmar ta faɗo. Akwai kalmomin da ita ma ba ta san ma'anarsu ba, na Larabci da na Fulatanci da tsohuwar Hausa, amma ba ta yarda a taɓa su. Na taɓa ce mata ko kaza ake nufi, ta ce, "Haka anka ba ni." A cikin wayar ana jin mazari yana juyawa a tasa, ana jin awaki, ana jin ƙanena yana neman takalminsa.

Zama goma sha ɗaya muka yi. Na ƙarshe a kan mutuwa ne da kwanciyar kabari da tsayuwar alƙiyama. Ta yi nisa a ciki, muryarta ta yi ƙasa, sai tari ya sarƙe ta. Na kawo ruwa ta sha. Ta ce, "Kishiya, bari haka nan. Gobe mu ida." Washegari ita ce ranar komawata, kuma motar garinmu ɗaya ce, da sassafe take tashi. Na leƙa ɗakinta bayan asuba na tarar ta koma barci da carbi a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa ina shawara. Da na tashe ta da ta tashi, da na bari sai motar jibi da ba abin da zai faru. Na ce a raina hutu na nan zuwa. Na ɗauki jakata na fita.

Zangon da ya biyo shi ne na koyon aikin koyarwa, aka tura ni wata makaranta mai nisa. Ana tsakiyar hunturu, ina cikin aji ina koya wa yara karin magana, ƙanena ya kira. Kafin in iso an riga an kai ta.

Bayan an share makoki, wani dare na sami Baba shi kaɗai a zaure. Ban ce komai ba, na ajiye wayar a kan buzunsa na kunna. Muryar mahaifiyarsa ta cika zauren. Ya sunkuyar da kai, ya riƙe gemunsa, bai motsa ba har aka zo wurin tarin da maganarta ta ƙarshe. Ya ce, "Uwata, mayar da shi farko." Sau uku muka saurara. Da zan tashi ya ce in sa masa a tasa wayar, in kuma sa wa gwaggonnina. Ya ce shi da ya sha nononta bai riƙe ko baiti biyar ba, yana jin ta kullum yana wucewa gona.

Kundina na kammala karatu a kan karatun Inna na yi shi. Rubutawa ta fi ɗauka wuya. Sakkwatanci take yi, ni kuma an horar da ni a kan daidaitacciyar Hausa, hannuna yana ta son ya gyara mata munka ya koma muka. Malam ya hana. Ya nuna mini cewa idan na cire wannan harafi guda, doguwar gaɓa ta koma gajeriya, karin ya karye. Na bar komai yadda ta faɗa. Wasu baitocin na same su a littafin nan na ofishinsa da ɗan bambancin kalmomi, wasu ban same su ba. A shafin ƙarshe na waƙar alƙiyama na rubuta cewa a nan mai karatun ta tsaya.

Yanzu ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare, kuma idan aka tambaye ni abin da na karanta ina faɗa da bakina cikakke. Tun bara nake bin ƙauyukan da ke kewaye da mu ina tambayar tsofaffin da suka yi taru. Yawancinsu an ce mini sun rasu. A wani gari ta wajen Wurno na sami wata tsohuwa, na kunna mata muryar Inna. Ta saurara da ido a rufe, leɓunanta suna motsi. Da aka zo wurin tarin, ita ba ta tsaya ba, ta zarce da baiti huɗu. Sannan ta ce iyakar abin da ta riƙe ke nan, amma akwai saura, yayarta da ke aure a wani ƙauye gaba da fadama ta fi ta riƙo, in dai tana da lafiyar magana. Na sayi goro da sabulu da turmin atamfa na ajiye. Ranar Asabar kasuwar garin take ci, akwai mota, kuma Baba ya ce shi zai raka ni.